Rediyon Ɗakin Inna Huraira

"Ki shigo da ita ta ƙofar baya," in ji Safiyyah, tana riƙe da gefen mayafina. "Don Allah Hasana, manyan jam'iyya suna falo."

Haka na ja Ladi, tsohuwa mai daddawa a kasuwar Tarauni, muka bi lungun kwata sumui-sumui kamar ɓarayin kaji. Ita ko a jikinta. Ni ce kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Huraira, surukar Safiyyah. 'Yar Margi ce daga can Borno, aure ya kawo ta Gyadi-Gyadi, Hausa ta zauna a bakinta har ta fi mu iya baƙar magana. Yarenta kuwa sai ranar Juma'a, in Ladi 'yar garinsu ta zo suka baje a tabarma suna shewa. Ɗanta Sagiru, mijin Safiyyah, ko sannu bai iya da shi ba.

Da soja suka ce za su miƙa mulki, Sagiru ya fito neman kansila. Abokan hamayya suka fara raɗe-raɗi: ai ba ɗan ƙasa ba ne, a je a ji uwarsa. Sai ya ce wa Ladi ta ɗan huta da zuwa har a gama zaɓe. Mu maƙwabta muka ce ai dabara ce.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, ya tafi da hannunta na dama, ya haɗa da Hausarta. Margi kaɗai ya bar mata. Ta yi ta magana, mu yi ta miƙa mata ruwa. Da na ga ta juya wa bango fuska, na ce wa Safiyyah ko Sagiru zai tsire ni sai na ɗauko Ladi. Ashe ranar ce dattawan jam'iyya za su zo tsayar da ɗan takara.

Ladi ta durƙusa bakin katifa, ta faɗi wata kalma guda. Wallahi sai ga Inna ta waiwayo. Magana ta ɓalle mata, murya tar, har da dariya da rabin baki. Ɗakin kuwa jikin falo yake.

Hirar falo ta tsaya cak. Na ji wani dattijo ya ce, "Sagiru, baƙi kuka yi ne?"

"Mai daddawa ce, Alhaji," in ji shi.

Safiyyah ta zaro ido, ta kai hannu kan rediyon Inna da ke bakin taga, ta kunna. Waƙar siyasa ake yi, kalangu na tashi. Inna ta ɗaga murya, ta kama wuyan hannun Ladi. Safiyyah ta ƙure rediyon. Ni da na yi cika bakin ɗauko Ladi, ni ce na tura ƙofa na jingina da ita.

Kafin la'asar Inna ta cika.

Ranar sadakar uku, a tabarma ɗaya ake yi wa Sagiru ta'aziyya ana raɗa masa murna, don shi aka tsayar. Da jama'a suka ragu ya shigo cikin gida, ya tsuguna gaban Ladi, hula a hannu.

"Baba Ladi, me ta ce?"

"Ta tambaya ko dawa ta nuna a gida. Ta ce daddawata ta lalace tun da na daina kawo mata ta ɗanɗana." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Sai ta ce, ki gaya wa Sagiru."

"Ki gaya mini me?"

"Daga nan aka ƙure rediyo, ɗana. Kunnena ya tsufa. Bakinta dai na ga yana motsi."

Sagiru ya dubi matarsa, matarsa ta dube ni, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ladi ta ɗauki kwandonta, ta tambaya ta wace ƙofa za ta fita.

Da yamma na shiga naɗe katifar Inna. Rediyon na nan bakin taga, wani ya rufe shi da ɗankwalinta.