Wejin Baba Madu

Shekara tara Malam Jalaluddeen yana auren Mairam, shekara huɗu da sayen motarsa, amma surukinsa Baba Madu bai taɓa zama a cikinta ba. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin a kan hanya, kunnensa kuma har yau bai yi ritaya ba. Duk ranar da Malam ya je ɗaukarsa, sai tsohon ya karkata kai ya saurari motar, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam," sannan ya tsayar da ɗan acaɓa. Abin nan yana ci wa Malam tuwo a ƙwarya, ga shi kunyar suruki ba ta barin mutum ya tambayi dalili.

Da ƙanwar Mairam ta haihu a Roni, aka sa suna ranar Asabar, sai Malam ya ƙudura a ransa wannan karon da tsohon za a tafi. Ya tura Mairam ta bugi cikin mahaifinta, ta dawo da amsa: takalmin birkin baya ya cinye, tun daga kan kwana ake jin ƙarfe yana cin ƙarfe.

Mai hankali da gareji zai nufa. Amma Malam malamin kimiyya ne a sakandare, kuma so yake idan tsohon ya tambayi wane bakanike ya yi aikin, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Ni ne, Baba." Har gwada faɗar hakan ya yi a gaban madubi.

Ya sayo sababbin takalma, ya ari sifana, ya samo bidiyon wani mai gyara a waya. Da hantsin Asabar ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida. Gidan nasu a gefen dutse yake a Kazaure, ƙofar kuma gangare ce da ta miƙe har bakin wani kwalbati. Mai bidiyo ya ce a saki birkin hannu, a tokare tayoyin gaba. Gari duk dutse, amma Malam ya rasa wanda zai iya ɗagawa, sai ya shiga gida ya zare biyu daga duwatsun murhu.

Gaskiya dai ya yi ƙoƙari. Ya ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya fasa babban yatsa, ya fitar da tsofaffin takalman da suka koma kamar reza, ya sa sababbi. Da ya ga mai bidiyo ya mayar da taya, saura minti biyu, sai ya kashe waya, ya ce sauran surutu ne. Wannan fa shi ne mutumin da kullum yake gaya wa ɗalibai su karanta tambaya har ƙarshe.

"Malam, ina duwatsuna?" in ji Mairam daga zaure. "Dambun suna zan ɗora, a kan dutse ɗaya zan girka tukunyar?"

"An gama ma," ya ce, ya sa mota a giya, ya ture duwatsun gefe da ƙafa.

Daidai nan Baba Madu ya iso da buhu a hammata. Malam ya durƙusa ya gaishe shi, yana juya hannuwa yadda baƙin man zai fito sosai.

"Wa ya yi aikin?"

"Ni ne, Baba."

"To, madalla. Motsa ta mu ji."

Malam ya shiga, ya taka kuloci ya tayar, mota ta fara silalowa. Ya taka birki da ƙasaita, sai ƙafarsa ta wuce har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya finciko birkin hannu, shi ma ya taho sakayau. Motar ba gudu take ba, tafiya take a hankali irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa, amma kwalbati ta nufa, kuma duk kimiyyar da ke kan Malam ta gudu ta bar shi da salati.

Ta madubi ya hango tsoho ɗan shekara saba'in ya yar da buhu, ya suri dutsen murhu, ya biyo motar da sassarfa. Ya sha gabanta ta gefe, ya cusa dutsen ƙarƙashin taya da saurin da ya koya tun yana karen mota. Motar ta yi tsalle kaɗan ta tsaya, saura taku uku.

Baba Madu ya dafa taga yana haki. "In an sa sabon takalmi, Malam, sai an yi ta taka birki a tsaye har ya yi tauri, kafin a motsa. Taka."

Malam ya taka, ya sake takawa, a na shida birki ya kama gam. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido. Ya tabbata yau ma acaɓa za a kira, kuma wannan karon shi kansa bai ga laifin tsohon ba.

Tsohon ya zagaya baya, ya durƙusa ya leƙa ta cikin taya, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya koma ya ɗauko buhunsa, ya zaro wani guntun katako baƙi ƙirin, wanda mai da shekaru suka sa yake sheƙi. Wejin da yake tokare tayar babbar motarsa da shi ne, wanda Mairam ta taɓa cewa ko 'ya'yansa maza ba ya bari su taɓa.

"Ɗaurin ya yi kyau," ya ce. "Wannan kuma ka ajiye a mota, ka bar wa yarinya murhunta."

Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya ɗora wejin a cinya, ya yi bismilla.

"Baba, ai sai an gama dambu za mu tafi," in ji Malam da ƙaramar murya.

"Na sani," in ji Baba Madu. "A nan zan jira."