Bututun da Ke Cikin Bango

Tun a matakalar farko Mai Famfo ya so ya juya, amma ya ci gaba da bin matarsa Malama da dillalin gidan. Malama tana gaba, tana hawa kamar an rage mata shekara goma, tana tambaya ko rana na shiga ɗakin yara da safe. Dillalin kuwa, wani siriri mai tarin makullai a yatsa, amsarsa ɗaya ce ga kowace tambaya: an gama komai, shiga kawai ta rage.

Benaye goma sha biyu ne a jere, kowanne hawa biyar, duk kamarsu ɗaya. Shekara shida da suka wuce, lokacin da suke bulo tsirara, Mai Famfo ya ja bututun ruwa a uku daga cikinsu. Waɗanne ne ukun, yanzu ba zai rantse ba, don an shafe su duka da farin fenti, an sa ƙofar ƙarfe da ɗakin mai gadi. Yana hawa yana lallashin zuciyarsa cewa tara ba nasa ba ne. Malama ba ta san ya taɓa taka wurin ba. Ita ta samo gidan, a wata takardar talla da aka manna a ƙofar makarantar da take koyarwa.

Shekararsu goma sha ɗaya da aure, gidan haya huɗu suka zauna, kuma babu wanda suka bari don son ransu. Na yanzu ma mai gidan ya ce su tashi ƙarshen wata, ɗansa zai dawo. Ranar da aka kawo saƙon Malama ba ta yi kuka ba, ta dai ce ta gaji da naɗe labule. Shi ya sa wannan ciniki ya shiga ranta: ka ba da kuɗin shiga, ka riƙa biya wata-wata kamar haya, bayan shekara goma sha biyar gida ya zama naka.

A hawa na biyu dillalin ya buɗe ƙofa, warin sabon fenti ya tare su. Ɗaki biyu ne da falo, kicin da banɗaki, sai 'yar baranda. Ya baza takardu a kan teburin roba, ya shiga karanto sharuɗɗa da sauri kamar mai gudun kada a ji. Ban da kuɗin wata akwai na mai gadi, na shara, da na injin da ke tura ruwa tanki. Wanda ya yi wata uku bai biya ba, duk abin da ya zuba a baya ya zama haya, ya kwashe kayansa. Sai sharaɗi na tara: daga ranar karɓar makulli, duk gyaran da ya taso a cikin gidan na mai shiga ne, kuma in ruwansa ya ɓata wa na ƙasa, shi zai gyara masa.

Malama ta yi dariya.

"Gyara ba ya ba mu tsoro," in ji ta. "Maigidana mai gyaran famfo ne, rabin garin nan shi suke kira."

Dillalin ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Mai Famfo ya yi yaƙe, ya ce bari ya leƙa kicin.

Ya durƙusa a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, ya buɗe 'yar ƙofar katakon. Ubangidan da ya koya masa sana'a yana da wata ɗabi'a da ya gadar masa: duk gidan da ka yi wa aiki, ka ja zarto sau uku a jikin babban bututu, kusa da inda ya shiga bango, don in rigima ta tashi a san aikin wane ne. Shekara ashirin bai taɓa fashin wannan ba, ko a aikin da yake jin kunyarsa. Ya zura hannu cikin duhu yana addu'a. Yatsansa ya riga idonsa gani. Tsaga uku, a jere, fenti ya ɗan cike su amma suna nan.

Ya zauna daɓas a kan tayil. Ya tuna ranar da ɗan kwangilar ya sauke bututun daga mota, na roba marasa kauri, waɗanda ko matsa su ka yi da hannu sai su lotsa, da gam ɗin da aka tsinka shi har ya koma ruwa-ruwa. Ya ce wa mutumin waɗannan ba za su ɗauki ƙarfin ruwan tanki ba, in sun daɗe su yi shekara bakwai ko takwas. Ɗan kwangilar ya ce kafin nan wa zai tuna da su, in kuma ba zai iya ba ga mutum goma can a bakin ƙofa suna jira. Lokacin ya yi wata uku ba aiki. Ya haɗa su, magina suka bi bayansa da siminti suka rufe. Ya karɓi kuɗinsa ya sayi buhun abinci, kuma maganar gaskiya, bai ƙara tunawa da su ba sai yau.

Ya tashi ya bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaure su, na kicin, na banɗaki, na wanka. Sannan ya fita bakin matakala inda mitar ruwa take, ya buɗe murfinta ya haska da waya. Babu famfon da ke zuba, amma 'yar allurar tana tafiya. A hankali take yi, kamar tafiyar kaska, sai ka ƙura ido za ka gani. Wani wuri cikin bangon nan ruwa ya riga ya sami hanya. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Ya koma ya ce wa Malama ta zo baranda su yi magana. Ta biyo shi da biro a hannu. Ya so ya fara da cewa kuɗin mai gadi ya yi yawa, ko hawa na biyu bai dace da gwiwar mahaifiyarta ba in ta zo, amma da ya dubi fuskarta sai ƙaryar ta ƙi fita. Ya faɗa mata komai, daga motar ɗan kwangila har allurar mita. Ya ce gidan nan kyan ɗan maciji ne, su haƙura, Allah zai kawo wani.

Ta daɗe tana kallon igiyar shanyar maƙwabta, inda aka jera 'yan rigunan makaranta.

"Duk mutanen nan a kan aikinka suke kwana?"

Ya ce eh.

"Baban yara, shekara shida, ko sau ɗaya ba ka ce mini ba."

Ya ce dai tun da ba su sa hannu ba, ba su yi asarar komai ba sai kuɗin mota.

Sai ta buɗe jaka ta miƙa masa wata 'yar takarda mai hatimi. Shekaranjiya dillalin ya kira ta ya ce wasu na neman gidan, in tana so ta kawo kuɗin shiga a riƙe mata. Ta kwashe ajiyarsu ta shekara bakwai, ta haɗa da 'yan kunnen zinaren da ta sayar, ta kai. Ta so ne ta ba shi mamaki. A ƙasan takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa kuɗin shiga ba ya dawowa.

Ya karanta layin sau biyu. Ya so ya yi faɗa, ya ce wa ke biyan kuɗin gida mijinta bai gani ba, amma da wane bakin? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Daga falo dillalin ya kaɗa makullai, ya ce yana da wasu masu kallo ƙarfe huɗu.

Malama ta tambaye shi, in za a canza bututun gidan gaba ɗaya, me zai ci. Ya ce sai an fasa tayil ɗin banɗaki da bangon kicin, a sayi bututu na gaske, a sake shafe. In shi kaɗai ne, yana yi bayan ya taso aiki, wata huɗu ko biyar, kuma za su zauna cikin ƙura suna ɗebo ruwa a bokiti daga ƙasa. Ta ce ta zauna a inda ya fi haka. Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan ihu.

Ta kama hannunsa ta sa masa biron.

"Kai ka binne su, kai za ka tono su."

Suka koma falo. Dillalin ya juyo da takardar, ya nuna wurare uku da yatsa. Mai Famfo ya sunkuya ya sa hannu a na farko, ya sa a na biyu. Har ya ɗan ji sanyi a ransa, don aiki ne da ya iya, kuma wannan karon zai yi shi yadda ubangidansa ya koya masa. Ya fara lissafin daga inda zai soma fasawa. Ya sa hannu a na uku, dillalin ya zare makulli biyu daga tarin ya ajiye a tafin Malama, ya ce Allah ya sa rai aka yi wa.

A sama wani ya buɗe famfon wanka. Mai Famfo ya ji ruwan ya taho ta cikin bango, ya san kowace kwana da zai bi, don shi ya lanƙwasa masa hanyar. Ya ɗaga kai yana bin ƙarar da ido. A kusurwar silin, daidai saitin ƙofar ɗakin yara, farin fentin ya ɗan yi duhu, faɗin wurin bai wuce tafin jariri ba.

Wannan ba daga bututunsu ba ne. Na hawa na uku ne, kuma a kansa akwai na huɗu da na biyar, duk da tsaga uku a jikinsu, duk a bayan ƙofofin da ba shi da makullinsu.

Malama tana ɗakin yara tana auna taga da tafin hannu, tana cewa tsohon labulen zai yi.