Tabarmar Baba Alkasim

A shekarar da damina ta yi wa garin Maijirgi rowa, zamanin da soja ke mulki, cikin Saudatu ya ɗauki wani hali. Gefen hagu, can ƙasa kusa da mara, ya kumbura ya yi tauri, ya ƙi sacewa. Da safe da dama-dama, amma kafin la'asar sai ta sassauta ɗaurin zane. Ga iska na yawo a ciki tana ƙugi, har in ta zauna cikin mata sai ta riƙa tarin ƙarya don kada a ji.

Ba juna biyu ba ne, wannan ta tabbata. Ta sha jiƙon saiwa, ta sha kanwa har ta gundure ta, an yi mata rubutu ta shanye. Kumburi ya ce bai san zancen ba.

Mijinta Mamudu mutumin kirki ne, sai dai akwai tsoro. Ya ji labarin wata mata da aka tsaga wa ciki a Maradi aka fitar da ƙari, tun daga nan hankalinsa ya tashi. Ya yanke shawara zai sayar da jaki ranar kasuwa, ya kai ta can. Jakin nan kuwa shi ne gidan. Shi ke jan amalanke, ya kai wa mutane ruwa da kaya, a samu abin haɗawa da jar dawar taimako da sojoji ke rabawa. In ya tafi, ba sauran abin dogaro.

"In aka saida jakin ga, mi za mu ci?" in ji Saudatu, ido ya cika da hawaye. Ciwon na ba ta tsoro, amma rabuwa da jaki ya fi ba ta.

Sai ga tsohuwa Tanna ta shigo aron turmi. Ita taubashiyar Baba Alkasim ce, mahaifin Mamudu, kuma bakinta ba shi da linzami.

"Kai Mamudu, wace irin gaggawa ce wagga? Tasawa na nan kusa, akwai mai duba mata. Jakin ya kai ta da ƙahwahunshi tukuna, in an ce Maradi, sannan ka kai shi kasuwa."

Haka aka yi, Mamudu na korar jaki. Tanna ta ɗare amalanke ta raka ta, har cikin ɗakin ungozomar asibiti, wata Madan Zara'u mai fara'a. Ungozomar ta kwantar da Saudatu ta danna nan ta danna can, ta yi ta tambaya. Al'ada na zuwa daidai? Tana ganin jini? Ta rame fiye da ramar da kowa ya yi bana? Saudatu ta ce lafiya lau.

"To, bayan gida hwa? Kullum kike zuwa?"

Saudatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar, kamar ana zaro ƙaya, magana ta fito.

Ashe ga yadda abin yake. Gawon ƙofar gida, inda Baba Alkasim ke zama, an sassare rassansa an ba dabbobi. Gona kuma babu, balle tsoho ya fita. Inuwar da ta rage a gidan ita ce ta itacen bedin da ke jikin dangar salga, nan ya shimfiɗa tabarmarsa, daga sallar asuba har duhu yana jan tasbaha. Wace surukar arziki ce za ta ɗauki buta ta ratsa gaban uban mijinta ta shiga salga, yana ji yana gani? Sai Saudatu ta riƙa matsewa. Ta rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata. In tsoho ya tashi ta je, sai ciki shi ma ya yi fushi ya ƙi.

Tanna ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Madan Zara'u ta danne tata, ta ce, "To, nan gehen hagu nan ne hanji ke tara abin da za shi hita. Kin hana shi hanya, kin hana shi ruwa, ga tuwon jar dawa tsura. Ki sha ruwa sosai, ki nemi zogale da rama da kuka, ki riƙa tattaki, in ya zo kuma ki tahi. Amma ki ji ni, wani lokaci ƙari ne a ƙwan mahaihwa ke kawo haka. In bai sace ba, ko kin ga jini, ko ciwo ya tsananta, ki komo maza, sannan a yi zancen Maradi."

A hanyar dawowa Mamudu ya ji bayani, ya yi murna, sannan murnar ta koma ciki. Wa zai ce wa Baba ya tashi? Shi dai ko da wuƙa a wuya ba zai iya ba. Saudatu kuwa ta rantse gara a kai ta Maradi.

"Ku bar ni da shi," in ji Tanna.

Ta tarar da shi a gindin bedi, ta tsaya ta kama ƙugu. "Alkasim, ashe soja sun ba ka aiki ba mu sani ba? Sun ɗora ka gadin salga, kana tsare hanya kamar jandarma! Wanda za shi shiga sai ya nuna maka takarda? Ka kusa ci wa ɗanka jaki, tsohon banza."

Tsoho ya buɗe baki zai rama, kamar yadda suka saba, sai maganar ta isa inda aka aike ta. Ya dubi danga, ya dubi ɗakin Saudatu, ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi sosai, da tausayin yarinyar da ta sha wannan wahala don girmansa.

Washegari da hantsi ya naɗe tabarma, ya je turken jaki ya tsaya, ya ɗaga murya yadda za a ji har madafa.

"Kai jaki! Ni na tahi bakin masallaci. Ba ni komowa sai azahar, ka ji ko?"

Jaki ya kaɗa kunne. Kullum kuma haka, ba fashi. Saudatu ta bi maganar Madan Zara'u, kumburi ya yi ta sauka har ɗaurin zane ya koma inda yake, kasuwa ta ci ta watse jaki na kan turkensa.

Wata rana tana dawowa daga rijiya ta hango Baba Alkasim a bakin masallaci. Babu inuwa a wurin sai 'yar siririya ta jikin bango, ya raɓe a ciki, rana na dukan ƙafafunsa. Zuciyarta ta karye. Ta sa Mamudu ya kafa sanduna a wurin, ta ba da zanenta mai kauri aka shimfiɗa a sama.

Da safe tsoho ya zo turke ya yi sallamarsa da jaki. Saudatu na bayan danga da kwanon dusa a hannu. Ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

"Jaki, ka ce ma Baba an gode. Ka ce mai Allah shi ƙara girma."