Hanta ta koma gefen tumbi

Shekara ashirin ina sayar da kayan ciki a kasuwar Ogbomosho, ban taɓa zaton farantina zai kayar da 'yata jarrabawa ba.

Morenike so take ta zama nas. Sau biyu bayoloji yana kayar da ita. Babanta ya ce bana in ta faɗi, sai ta zauna a rumfa ta gaje ni. Wallahi raina ya ɓaci, don ba na so ta tsufa hannunta na ƙarnin jini kamar nawa.

Ran nan tana gefena tana bitar tsofaffin tambayoyi da ƙarfi. Ƙwayoyin halitta su haɗu su zama tantani, tantani ya zama gaɓa, gaɓoɓi masu aiki ɗaya su zama rukuni. Har ni na haddace. Sai ta zo kan tambayar da ta ce a kawo gaɓoɓi uku na rukuni ɗaya.

"Huhu, zuciya, hanta," ta faɗa, ko tunani ba ta yi ba. Ta duba amsar.

"Mami, ashe ba tare suke ba. Bara ma haka na rubuta."

Na dubi farantina. Mahautanmu tare suke zaro ukun nan a maƙogwaro ɗaya, tare muke saye, tare muke jerawa. Tun tana rarrafe abin da take gani ke nan. Ina littafi zai ture wannan?

Na ce, "Tashi ki jera min yadda littafinki ya ce."

Ta mayar da hanta gefen tumbi da hanji, huhu ya zauna da maƙogwaro, zuciya ita kaɗai a gefe. Iya Dupe, maƙwabciyata mai bakin tsiya, ta leƙo.

"Iya Morenike, asibiti kika buɗe? A auna min jini."

"Naki ai barkono ne, ba ya aunuwa."

Wata biyu haka nake jera kayana. Masu sayen naman miyar amala suna ta ƙorafi, ni ko a jikina. Duk wanda ya nuna yanka, sai Morenike ta faɗi rukuninsa kafin in sa wuƙa.

Ranar jarrabawa na kasa cin komai. Da la'asar ta dawo, ta tsaya tana kallon farantin. A ruɗe na yi jerin safe, ashe na koma tsohon hannu. Ta sa yatsa biyu ta ɗauke hantar, ta ajiye gefen tumbi.

"Tambaya ta uku ce, Mami," ta ce, tana murmushi. "Sabon jerin farantinki na rubuta musu."