Bijimin da Aka Ɗura wa Kanwa

Shekara goma sha ɗaya Ilu yana zaɓar wa Alhaji Dogo shanu a kasuwar Maigatari, sai ga shi a shekarar casa'in da huɗu an haɗa shi aiki da makaho. Makaho fa! Manu ne, mutumin Sule Tankarkar, wanda ciwon ido ya raba da kiwo. Ya zo neman abin yi, Alhaji ya ce a gwada shi Alhamis ɗaya, ranar kasuwa. Daga gwaji sai ya zauna daram.

Abin da ke ci wa Ilu tuwo a ƙwarya shi ne, Manu ba ya kuskure. Ya shafa gindin wutsiya, ya bi haƙarƙari da yatsu, ya taɓa haƙora, sai ya faɗi shekarun dabba da naman da ke jikinta. Alhaji kuwa ba shi da magana sai "Ina Manu?" Ko fura aka dama, Manu ake fara miƙa wa. Hassada ta cika Ilu har abinci ya daina yi masa daɗi. Ya tabbata in aka ci gaba a haka, wata rana shi za a ce ya zauna gida.

Sai ya ƙulla dabara. Ya samo wani ramammen bijimi, ya ɗura masa kanwa tun da safe, bijimi ya yi ta shan ruwa har ciki ya yi tim. A ransa ya ce, "Makahon nan ya ce a saya, gobe ciki ya sace, Alhaji ya sallame shi, kowa ya huta."

Ya jawo bijimin gaban rumfar Alhaji. "Alhaji, ga wani na gani. Amma bari gwani ya taɓa."

Manu ya jingine sandarsa. Ya shafa, ya sake shafawa, sannan ya kara kunne a jikin bijimin ya bubbuga cikinsa da tafi.

"Alhaji, wannan ai randa ce. Kanwa aka ba shi ya cika ciki da ruwa."

Alhaji ya ɗaure fuska. "Ilu, da saninka ka kawo mini wannan?"

Sai yanzu Ilu ya tuna ɗazu sun gaisa da Manu hannu da hannu, garin kanwa na nan a tafinsa. Lallai mutumin nan ya sani.

"Haba Alhaji," in ji Manu, "ido ne ya cuce shi. Ni ma da ina gani, da na saya. A yi wa Malam Ilu haƙuri."

Alhaji ya juyo ga Ilu. Ya ce, "Ka ci albarkacin Manu. Daga yau duk abin da ka zaɓa, sai ya sa masa hannu."

Ilu dai ya tsira da aikinsa. Amma wallahi da korarsa aka yi da ya fi masa sauƙi, don dillalai sun zuba masa ido suna jira, dole ya buɗe baki ya ce, "Na gode, Malam Manu."