Allon da Hajjo ta Wanke

Waya ɗaya Malama Asabe ke zuwa da ita Horo Birni duk Asabar, ga yara goma sha tara. A Bodinga take sauko da darussan kyauta daga intanet, don a ƙauyen ko ka hau rumbu ba ka samun sabis. Koyon rubuta wa kwamfuta umarni kuwa sai da gwaji, saboda haka kowa ya rubuta nasa a gida, ranar layinsa ya kwafa cikin waya a ga ko zai yi aiki.

Bahijja ba ta da littafi. A tsohon allo take rubuta nata, da tawadar babanta Malam Yahaya, wanda da ƙyar ya bar ta shiga ajin.

"Randa nag ga abin ga ya kawo ɓarna gidan nan, kin gama," haka ya ce mata. Malam kuwa ba ya magana biyu.

Ranar Alhamis zazzaɓi ya kama ƙaninta Naziru, ɗan wata tara. Malam ya yi masa rubutun sha, ya jingine allon a zaure kusa da na Bahijja, ya tafi Shagari neman magani. Kakarsu Hajjo ta karɓi aikin wankewa. Yanar ido ta rufe mata gani tun bara, amma wa ya isa ya gaya wa Hajjo ba ta gani?

Da la'asar yaron ya cika, Malam bai ko dawo ba.

Bahijja ta fito zaure don ta yi kukanta inda babu mutane. Nan ta ga allonta fes, da sauran danshi. Na Malam yana jingine, ayoyinsa ko ɗigo bai goge ba. Ashe allonta Hajjo ta wanke wa yaron, ba na Malam ba. Daga cikin gida tana jin muryar Hajjo tana ba uwar yaron haƙuri.

"Ki yi haƙuri ɗiyata. Da hannuna na wanke mai, ya sha ayar Allah kahin shi tahi. Mi ya hi wannan?"

Bahijja ta san zazzaɓi ne ya kashe shi, ta kuma san Malam zai ce ajali ne. Amma in ya ga allon nan, ita da aji har abada. Gaskiya ɗaya ce, ba tausayin Hajjo ne ya fara zo mata ba, ajin ne, kuma ta ji kunyar hakan har cikin ƙashinta.

Ta ɗauko ƙwarya, ta wanke allon Malam tas. Sai ta tsaya da ruwan a hannu. Ba a zubar da aya a ƙasa, ko yaron goye ya san wannan. Ta ji sallamar babanta a ƙofar gida, ta kafa kai ta shanye rubutun Naziru, tana kuka.