Sandar Papa Essilfie

Shekara talatin da ɗaya ina buga tambura a ƙungiyar makaɗan Papa Essilfie, a Accra. Ban iya karanta takardar kiɗa ba. Sandar da yake jagorantar kiɗa da ita nake karantawa. In ta sauka, na buga. Ban taɓa kuskure ba.

Bara kunnensa ya fara mutuwa. Bai faɗa ba, mu ma muka yi shiru. Sandar ta koma sauka a makare, da kamar ƙiftawar ido.

Ewurasi, shugabar masu goge, ta same ni ina cin dokunu, tuwon masarar Accra, a bayan zauren da muke kiɗa.

"Kawu Tetteh, mun yi shawara. Ranar Asabar 'yan hukumar da ke kula da ƙungiyarmu za su zo kallo. Hannuna kowa zai bi. Shi ya yi ta kaɗa sandarsa. In aka tashi lafiya, za su bar shi a kan aikinsa."

"Ke da aka haifa ina kan tambura, ke zan bi?"

"Gemu ya yi fari, taurin kai na nan," in ji ta.

"Ba a jagora biyu."

"To ka bi shi, ka tona masa asiri."

Na ture dokunun. Na ce na ji.

Ranar Asabar zaure ya cika. Papa ya fito cikin baƙar kwat, ya gaisa da Ewurasi, ya ɗaga sanda. Na kafe idona a gwiwar hannunta. Kiɗa ya tafi sumul. Shi kuma yana ta iyo a bayanmu, fuskarsa cike da jin daɗi.

Kiɗan da bugu ɗaya yake ƙarewa, kowa tare. Ewurasi ta ja gogenta, mutum arba'in suka sauke. Hannuna ya ƙi sauka. Sandar tana sama, shi ma ya tsaya a sama. Zaure ya yi tsit. Sannan sandar ta sauka, hannuna ya bi ta. Dum! Ni kaɗai.

'Yan hukuma suna layin gaba. Sun ga sanda da tambari sun zo tare, bayan an gama.

Al'ada ce jagora ya tayar da wanda ya fi ƙwazo a tafa masa. Ni ya nuna. Na miƙe. Ewurasi ta sunkuyar da kai.

Ranar Litinin takardar sallamar Papa ta iso. Ya zo kwashe kayansa, ya tarar da ni ina rufe tambura.

"Tetteh," ya ce da ƙarfi, don yanzu haka yake magana, "yaran nan gaggawa ta yi musu yawa. Kai kaɗai ka jira ni."

"Haka ne, Papa."

"Me ka ce?"

Ban maimaita ba. Na ɗauki jakarsa, na raka shi bakin titi.